Hayaƙin da Ba Ya Wari

Akwai labarin da ake bayarwa a kaina a garin nan, kun tashi kuna jin sa tun kuna rarrafe. Ranar da muka je ta'aziyyar Baba Bawa a unguwar Parkchester na ji ke Asma'u kina maimaita wa 'ya'yanki shi a bakin ƙofa, rabi da Hausa rabi da Turanci, wai kakansu jarumi ne, an kore shi daga aiki a Brooklyn saboda ya ƙi karya azumi. Yaran suka juyo suna kallona kamar sun ga waliyyi, ni kuwa na sunkuya ina neman takalmina. Labarin yana da daɗi, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini rana. Ya sa ana matsa mini wuri a sahun gaba, ya sa ana ba ni addu'a a wurin suna fiye da inda karatuna ya kai. Amma ba haka aka yi ba. An kore ni, wannan gaskiya ne, kuma cikin watan azumi aka kore ni, wannan ma gaskiya ne. Dalilin ne ba shi ba. Yanzu da wanda ya ƙago labarin ya riga mu gidan gaskiya, in na gyara shi babu wanda zan kunyata sai ni kaina.

Sai kun san kakanku kafin ku gane yadda na ƙaunaci motar da ta jawo mini wannan. Mahaifina ɗan dako ne a Kano, cikin masu hawa dalar gyaɗa da buhu a ka. Kafin furfura ta gama fito masa wuyansa ya ƙage, in zai dubi wanda ke gefensa sai ya juya jikinsa gaba ɗaya. Shi ya kama hannuna ya kai ni garejin wani abokinsa a Fagge, ya ce in koyi sana'ar da ƙarfe ne zai riƙa ɗaukar kaya, ba wuyan ɗan Adam ba. Na koyi kanikanci, na koyi tuƙi, har wani ma'aikacin gwamnati da aka turo New York ya taho da ni ina tuƙa shi. Da wa'adinsa ya cika ya koma gida, ni na gyara takarduna na zauna, mahaifiyarku Hajara ta biyo ni, muka kama ɗaki biyu a Flatbush, sama da shagon wani mai gyaran takalmi.

Bawa ne ya samo mini aiki. Bahaushen zangon Kumasi ne, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ya sauka a Brooklyn ya ce ya gaji da teku. Ya girme ni da kusan shekara goma, don haka Yaya nake ce masa. Hausarsa irin ta zango ce wadda ba ta raba mace da namiji, in ya ce matata ya zo sai Hajara ta rufe baki da mayafi tana dariya. Yana aiki a wani katafaren sito kusa da bakin ruwa, inda ake sauke buhunan kofi da na koko, ba kokon da ake sha da ƙosai ba, wanda ake yin cakulan da shi. Wani lokaci in buhunan ƙasarsu suka iso sai ya tsaya ya shinshina, ya ce yau ya gaisa da gida.

Ranar farko da na shiga siton na ga abin da har yau ban manta ba. Wata 'yar mota guntuwa, ba ta kai rabin tasi ba, da yatsu biyu na ƙarfe a gabanta, ta zura su ƙarƙashin wani katako da aka jera buhuna a kansa, ta ɗaga su gaba ɗaya sama da tsayin mutum uku, ta ajiye a hankali kamar mace na ajiye ƙwarya. Bawa ne a kanta, da hula a karkace, hannu ɗaya a sitiyari. Na ƙirga buhunan da ido, na ga abin da mahaifina zai yini yana hawa da sauka da shi, ita ta ɗauke a numfashi ɗaya. Na juya baya don kada a ga idona. Mutanen New York hailo suke kiranta, katakon kuma falet. Da na kwatanta wa Hajara sai ta ce ashe motar cokali ce, kuma sunan da ya bi ta ke nan a gidanmu har yau.

Cikin wata ɗaya na iya tuƙa ta, ko da yake da tayoyin baya take juyawa, wanda ya saba da mota sai ya kwashe kwanaki yana dukan bango da gindinta. Amma cikinta ya fi jan hankalina, sai na liƙe wa kanikan siton, wani tsoho ɗan asalin Italiya da ake kira Sal, mai faɗa kamar ya ci barkono, mai hannu kamar an yi shi don sufana. Shi ya ba ni tarihin motar, ba daga littafi ba, daga bayansa. Ya ce lokacin da ya fara aiki a bakin ruwa ƙugiya ce da amalanke, mutum da buhu, kamar dai Kano. Sai aka fara kawo wasu 'yan motoci masu ɗaga kaya kaɗan daga ƙasa, iya yadda za a ja shi. Daga baya aka yi musu tsani a gaba suka fara ɗagawa sama. Amma a cewarsa yaƙin duniya ne ya mayar da ita sarauniya, don maza sun tafi fagen daga, kayan soja kuma ba sa jira, sai aka haɗa ta da falet, mutum ɗaya ya riƙa yin aikin gayya. Da aka gama yaƙi aka sayar da ragowar, kuma uku daga cikin motoci biyar na sitonmu irin waɗannan tsofaffin ne, masu shan fetur, masu tari kamar tsohon mashayin taba.

Hayaƙinsu shi ne azabar aikin. Baƙi ne, yana da wari, yana sa ido hawaye, in ka tofa yawu da yamma sai ka ga toka. Saboda shi manyan ƙofofin siton a buɗe suke rani da sanyi, iskar teku tana shigowa tana yanka mutum har ƙashi. Turawan sun saba, mu kuwa 'yan Afirka huɗu da ke wurin, kowane ɗari sai mun ce bana kam mun tafi. A lokacin an fara ganin wata sabuwar dabara a manyan kamfanoni: a cire tankin fetur, a ɗaura wa motar tukunyar gas a bayan kujera, a canza mata kafireto. Na je na ga ɗaya da idona a wani sito da ke maƙwabtaka da mu, na durƙusa na kai hancina bakin salansa, ban ga baƙi ba, ban ji komai ba sai ɗumi. Na dawo na shiga ofishin manaja da ƙarfin gwiwa, na ce masa in muka koma gas za mu huta.

Ya dube ni kamar na zautu. "Gabi," haka suke lanƙwasa Garba, "ai kan gas muke tun zamanin yaƙi."

Na manta a bakin mutanen ƙasar nan fetur ne gas, abin da mu muke kira gas su kuma furofen suke ce masa. Sai da Sal ya shigo ya raba mu. Aka yi ta yi mini dariya mako guda, amma maganata ta shiga, don manaja ya ji cewa injin zai fi daɗewa kuma buhunan kofi za su daina ɗaukar warin hayaƙi. Aka yi odar kayan. Kafin su iso Sal ya yi ritaya, gwiwoyinsa sun ƙi, kuma da bakinsa ya ce a ba ni wurinsa. Ranar da zai tafi ya miƙo mini akwatin sufanunsa, ya riƙe hannun akwatin bai saki ba.

"Ka ji ni da kyau. Inji inji ne, ko da ruwan tsarki na coci yake tafiya. Kada ka yarda da shi a ɗaki rufaffe."

Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa, da kunne. A zuciyata cewa na yi tsoho ne, zamaninsa na baƙin hayaƙi ne, bai san sabon abu ba.

Da hannuna na juya motocin nan biyar zuwa gas a farkon kaka, kuma ko yau aka tashe ni zan ce aikin ya yi kyau, babu wurin da ke yoyo, babu wadda ta taɓa ƙin tashi. Siton ya washe, aka daina hawaye, manaja ya riƙa kawo baƙi yana nuna musu ni. Kurakuraina biyu ne, kuma duka biyun don kyautatawa na yi su. Na farko, direbobi suka fara ƙorafi cewa motar ba ta da ƙarfin da take da shi a kan fetur, in ta ɗauki falet cikakke tana nishi. Akwai wani ɗan sukuru a jikin kafireto da ke auna yawan gas da iska, sai na sa sukundireba na buɗe shi kaɗan a kowace mota, na ƙara musu abinci. Da kunne na auna, na ji kukan injin ya yi daɗi, na ce shi ke nan. Na biyu, da sanyi ya kama, ni ne na ce wa manaja yanzu ba hayaƙi, a rufe ƙofofi. Ni na hau tsani na toshe tagogin sama da tamfol. Ranar Bawa har rungume ni ya yi, ya ce Allah ya yi mini albarka na fitar da su daga firji.

Wannan a ƙarshen shekarun sittin ne, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar sanyi. Azumin New York a irin wannan lokaci ba azumi ba ne a wurin wanda ya yi na Kano cikin bazara, kafin ka ji yunwa rana ta faɗi, ƙishirwa kuwa ba ka ma tuna ta. Amma tun makon farko kaina ya fara sarawa daga azahar, wani irin ciwo mai ɗaure goshi, ga tashin zuciya, ga ƙafafu kamar an cika su da yashi. Na tambayi Bawa.

"Ni ma kaina yana ciwo paa," in ji shi, wato sosai a bakin mutanen Kumasi. "Azumi ne, Garba. Mun tsufa, kuma babu goro."

Sauran 'yan'uwanmu biyu ma haka suka ce, kuma dukkanmu muka yarda, don mai azumi ba ya neman dalilin ciwon kai, yana da shi a aljihu. Har muna yi wa juna tsiya, wai Amurka ta lalata mu. Da mun buɗe ido da mun ga waɗanda ba sa azumi ma asfirin suke ta haɗiya da kofi, suna fita waje shan taba suna dawowa garau. Mu da ba ma shan komai ba mu da dalilin fita, sai mu zauna a ciki kusa da injin muna jin ɗumi.

Ranar wata Juma'a, cikin goman ƙarshe, da la'asar sakaliya, Bawa ya ɗauki falet na koko ya ɗaga har ƙarshen tsani, maimakon ya sauke sai motar ta ci gaba da tafiya da shi. Mutumin da ya shekara tara a kan hailo bai taɓa fasa buhu ba, ya je ya daki ginshiƙi. Buhuna suka zubo, ɗaya ya wuce kan wani ma'aikaci ɗan Puerto Rico da tazarar da ba ta kai taƙi ba. Muka same shi ya kife a kan sitiyari. Muka ɗauke shi muka fitar waje kan dakalin lodi, cikin iska mai sanyi, ba a jima ba ya buɗe ido yana tambayar me ya faru. Manaja ya zo da kofi a hannunsa ya miƙa masa, Bawa ya kau da kai ya ce saura minti arba'in a sha ruwa. Na ga fuskar manaja ta canza, ya sami amsarsa.

"Mutum ba ci ba sha ya hau mini mota, ya kusa kashe wani," in ji shi. "Bawa, ka tafi gida, kada ka dawo. Daga Litinin kuma duk mai wannan azumin ba zai taɓa sitiyari a nan ba."

Ba mugun mutum ba ne, abin da idonsa ya gani ya yanke hukunci a kai. Mu ma da muke tsaye a wurin ba wanda ya musa, don a zuciyarmu mun yarda azumin ne. Bawa yana da mata da 'ya'ya biyar a Kumasi da yake shirin ɗaukowa, kuma a bakin ruwa labari ba ya kwana, direban da ya suma a kan mota babu siton da zai sake ɗaukarsa. Na raka shi tashar jirgin ƙasa, da zai shiga ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ranar Lahadi muna zaune muna jiran shan ruwa, Hajara tana soya ƙosai da wake irin na gwangwani da take ƙorafi a kansa kullum, tana da cikinki Asma'u wata bakwai. Na gama ba ta labarin karo na uku, ita kuwa tana ta juya ƙosai. Can sai ta tambaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Malam, yau kanka yana ciwo?"

Na ce a'a.

"Jiya fa?"

Na ce jiya ma lafiya na yini.

"To yau da jiya ba ka azumi ne?"

Ta sauke kaskon, ta zauna a kujerar da ke fuskantata, ta ce tun makon jiya take lura, ina dawowa da jajayen idanu ranar aiki, ranar hutu kuma ƙalau. Ta ce a unguwarsu a Zariya akwai wani magidanci da ya shiga ɗaki da kaskon garwashi cikin sanyi ya toshe ƙofa da tsumma, garwashin ya riga ya ruru ba ya hayaƙi ko kaɗan, amma da ƙyar aka fito da shi da rai. Kakarta takan ce wutar da ke hayaƙi tana yi maka gargaɗi, wadda ba ta yi ita ce abar tsoro. Tana cikin magana ni kuma ina ganin tamfol ɗin da na ɗaura da hannuna, ina ganin sukundireba, ina jin muryar Sal. Kanikanci na sani, ba sai an ƙara mini bayani ba: injin da aka cika wa abinci ba ya ƙone shi duka, abin da ya rage yana fitowa ta salansa, ba launi ba wari. Agogo ya nuna lokacin shan ruwa, na kai dabino baki.

A nan ne nake so ku saurara, don nan ne wurin da na kusa faɗuwa. Dabara ta zo mini nan take, mai sauƙi. Gobe in riga kowa zuwa, in mayar da sukurun nan biyar inda suke, in yaye tamfol in ce yana tara raɓa, in bar ƙofa ɗaya a buɗe. Minti talatin ya ishe ni. Ba wanda zai sake suma, ba wanda zai san komai, aikina yana nan. Na faɗa wa Hajara haka, ina jin daɗin kaina. Ta daɗe tana kallon cikinta kafin ta amsa, kuma na san abin da take aunawa, ga sanyi, ga haihuwa, ga mu a ƙasar da ba mu da kowa.

"Ni ma ina son aikin nan, Malam, Allah ya sani," ta ce. "Amma duba. Gobe ne za a hana masu azumi hawa mota. In ka gyara a ɓoye, gobe ne kuma ciwon kai zai ɗauke. Me manaja zai ce? Zai ce ga shi nan, da ma azumin ne. Ka ga ka ɗauki laifinka ka ɗora wa Yaya Bawa, ka ɗora wa watan Allah, ka sa hannu a kai."

Na yi fushi, don ba abin da ya kai gaskiya ɓata rai in ta fito daga bakin matarka. Na ce ita ba ta san yadda aikin Turawa yake ba. Ta ce haka ne, ba ta sani ba, ta tashi ta zuba mini kunu. Kafin in gama kunun na san abin da zan yi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni kuwa na ja ruwa ya doki wani.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa kamar yadda na tsara, amma ban taɓa sukuru ko ɗaya ba. Ƙofofi kawai na wangale, na cire makullan motocin biyar na zuba a aljihu, na zauna a bakin ofis. Da manaja ya iso na bi shi ciki na ajiye makullan a kan teburinsa. Na ce masa ba azumi ne ya kayar da Bawa ba, ni ne. Na gaya masa sukurun, na gaya masa tamfol, na gaya masa gargaɗin Sal da na yi watsi da shi. Na ce kada ya yarda da bakina, ya kira wanda zai auna iskar, motocin suna nan yadda na bar su.

"Ka san abin da kake faɗa kuwa?" ya tambaye ni. "Ka san inda wannan maganar za ta kai ka?"

Na ce na sani.

Washegari mutumin inshora ya zo da wata 'yar kwalba siririya kamar alƙalami da ɗan famfo na hannu. Aka fitar da kowa, aka rufe ƙofofi, aka tayar da mota biyu na ɗan lokaci. Ya shiga ya zuƙo iskar, garin da ke cikin kwalbar ya rine a gabanmu. Ya fito da sauri yana cewa a buɗe ko'ina, ya tambayi kwana nawa mutane suka yi suna aiki a haka, da aka gaya masa sai ya cire hularsa ya share goshi. A ranar aka aika a kira Bawa, aka janye dokar hana masu azumi tuƙi. Ni kuma manaja ya kira ni da yamma, ya ce shi a son ransa da ya bar ni, don bai taɓa ganin wanda ya kawo ƙarar kansa ba, amma masu kamfani da inshora sai an ba su sunan wani, kuma sunana ne a kan aikin. Na ce ba komai, nawa ne. Na ɗauki akwatin Sal na fita, saura kwana uku salla.

Ranar salla muka taru a gidan wani ɗalibi ɗan Sakkwato, mu 'yan tsirarun Hausawan da ke garin a lokacin, har da ma'aikatan ofisoshin jakadanci da manyan rigunansu. Labarin korata ya riga ni isa. Wani dattijo ya tambaye ni a gaban kowa me ya faru, zan fara ke nan sai Bawa ya riga ni.

"Maganar azumi ne, Alhaji. Sun ce mai azumi ba zai tuƙa ba, Garba ya shiga ofis ya tsaya. Shi ya sa ni na koma aiki, shi ya rasa nasa."

Ku duba da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, gaskiya ce aka cire mata ƙashi. Wuri ya ɗauki kabbara. Da muka fito na ja shi gefe na ce Yaya, me ya sa ka yi haka, ka fi kowa sanin na kusa kashe ka. Ya gyara mini wuyan kwat kamar ƙaramin yaro.

"Kai ka buɗe ƙofa, ni na rufa asiri. Kowa ya yi aikinsa. Kada ka ƙara tayar da maganar nan kuraa, ko sau ɗaya."

Ban ƙara ba, shekara hamsin da wani abu. Daga bakin wannan zuwa na wancan labarin ya yi ta ƙiba har ya zama wai kofi aka miƙo mini na ƙi sha.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Wata huɗu ina tura keken tufafi a titunan Manhattan cikin dusar ƙanƙara, ɗan ɗan dako ya koma dako, kuma cikin waɗannan watannin aka haife ki Asma'u. Kowace Juma'a Bawa sai ya hawo matakalarmu da ledar shinkafa da kaza, in Hajara ta yi godiya ya ce ba shi ba ne, matarsa ne ya aiko daga Kumasi. Da sanyi ya wuce na tattara kunyata na hau jirgin ruwa zuwa Staten Island wurin Sal. Ya zage ni da harshe biyu har ya gaji, sannan ya ɗauki waya ya kira wani kamfanin gyaran hailo ya ce yana da kanikan da ya riga ya yi babban kuskurensa, irin wanda ake nema ke nan. A can na koyi auna hayaƙi da na'ura, kuma daga ranar ban sake taɓa wannan sukurun da kunne ba. Shekara talatin na yi a sana'ar. A gabana tukunyar gas ta zama ruwan dare, masu batir suka karɓe rufaffun ɗakuna da wuraren sanyi, gwamnati ta fara turo masu auna iska, kwantena ta zo ta kwashe aikin bakin ruwa ta kai New Jersey. Duk siton da na shiga, kafin in gaisa da manaja sai na fara duban tagoginsa. Ban san adadin waɗanda na hana suma ba, amma na san a hannuna ba a sake yi ba, kuma da wannan aikin na yi muku makaranta dukkanku.

Don haka Asma'u, ki gyara wa yaran. Ki ce musu kakansu gwanin kanike ne da ya ɗauka abin da ba ya wari ba ya cutarwa, ya kusa kashe amininsa, kakarsu ta gano shi tana suyar ƙosai. In suna son jarumi a labarin ki ba su ita, ki ba su Baba Bawa. Ni abin da na yi kawai shi ne na ƙi taɓa sukuru biyar ranar wata Litinin, kuma ba na jin kunyar cewa ina alfahari da shi.

Saura abu ɗaya. Tagar falo da kuka yi shekaru kuna faɗa da ni a kanta, kowane sanyi kuna cewa "Daddy, it's freezing," ni kuma ina cewa jinin Kano ne ke son iska, ba jinin Kano ba ne. Jinin Kano bargo yake so. Mahaifiyarku ta san dalili, shi ya sa duk ƙorafinta a kan sanyin garin nan ba ta taɓa tashi ta rufe ta ba, sai dai ta ƙara mayafi. Yanzu ku ma kun sani. In kun zo gidan nan kun same ta a buɗe, ko ina nan ko ba na nan, ku bar ta.